Abin Da Ya Ci Doma Ba Ya Barin Awe

  Daga Unguwar Sarki, Kaduna, zuwa ga malamai ma'abota allo da tawada, da attajirai ma'abota ciniki.

Ya ku 'yan'uwa, nan kusa da mu akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Duk sa'ad da na wuce ƙofarsa sai in tuna da abin da ya auku ga almajiran wannan jami'a da malamansu, gama na ga masu tasowa ba su san labarin ba.

Ku sani, a watan Afrilu na 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka ƙara wa ɗalibai kuɗin abinci da na makwanci. Suka yi bore, suna neman a tuɓe Kanar Ahmadu Ali, mai riƙe da sha'anin ilmi. Aka aika da masu bindiga, aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma soke ƙungiyarsu.

Shekara takwas bayan haka, ɗaliban Samaru suka yi jerin gwano don tunawa da mamatan nan. Hukumar jami'a ta hori shugabanninsu, rigima ta tashi, har suka ce sai shugaban jami'a, Farfesa Ango Abdullahi, ya sauka. Ran 23 ga Mayu, 1986, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga makaranta suka buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Iyaye sun aika 'ya'yansu neman sani, aka komo musu da gawa.

Gwamnatin Janar Babangida ta naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Janar Abisoye. Sai ga laifi ya koma kan waɗansu malamai, wai suna karantar da abin da ba don shi ake biyansu ba. To, daga nan ƙofa ta buɗe. A 1988 aka kama Dokta Patrick Wilmot, mutumin Jamaika mai koyarwa a Zariya, aka sa shi jirgi zuwa Ingila. A cikin shekarar kuma aka haramta ƙungiyar malaman jami'o'i, aka tsare shugabanta, Dokta Attahiru Jega. A 1989 aka sallami masanin tarihi Dokta Yusufu Bala Usman daga aiki, sai da ya je gaban shari'a kafin a mayar da shi.

Watakila wani zai ce, ina ruwan mai allo da rigimar 'yan boko? Ruwansa ne ƙwarai. An daure Imam Ahmadu ɗan Hambali a Bagadaza, aka yi masa bulala, don ya ƙi faɗin abin da halifa yake so. A 1593 rundunar Sarkin Maroko ta kama Shehu Ahmadu Baba a Tambutu, aka washe littattafansa, aka tafi da shi Marrakish. A 1923 Turawa suka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu, suka kai shi Kamaru, ya yi shekara fiye da talatin ba shi da ikon kansa. Waɗannan duka namu ne. Hannun da ya saba rufe bakin malami ba ya tambaya ko daga dama yake rubutu ko daga hagu.

Ku ma attajirai, ku duba. Ƙasar da ba a barin masani ya tambayi inda dukiyar jama'a ta shiga, ba a daɗewa kuɗinta ke lalacewa a hannunku.

Ban ce yaro ba ya kuskure ba. Amma ladabin almajiri a hannun malaminsa yake, in kuwa laifi ya girma, ga alƙali. Harsashi ba ya karantar da kowa. Saboda haka in kun ji an kama malami saboda karatunsa, ku tambayi laifinsa a fili, ku nemi a kai shi gaban shari'a, ku kuma kula da iyalinsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba shugabanni kunnen jin gaskiya. Haza wasalamu.