Ƙididdiga a Fagen Binciken Magani da Ciwon Daji

Manomin albasa a Aliero, idan aka kawo masa sabon taki, ba ya zuba shi a gona duka. Yakan ware wasu fangula ya sa musu, ya bar wasu, sannan ya jira girbi ya kwatanta. To amma idan ya zaɓi fangulan da ke kusa da rijiya ya ba su takin, sakamakon zai ruɗe shi, domin ba zai san ko taki ne ya yi aiki ko ruwa ba. Wannan matsala ce masanin ƙididdigar lafiya yake ƙoƙarin warwarewa, sai dai shi abin da ke hannunsa rayukan mutane ne.

Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Austin Bradford Hill, mutumin Ingila, wanda ya rayu daga 1897 zuwa 1991. Ya so ya zama likita, sai tarin fuka ya kwantar da shi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, don haka ya karanci tattalin arziki, daga bisani ya koma ƙididdiga. A 1948 aka buga sakamakon gwajin maganin tarin fuka mai suna streptomycin, wanda shi ya tsara yadda za a raba majinyata. Ba likita ke zaɓar wanda zai sami maganin ba. Wasu lambobi ne da aka ciro kamar ƙuri'a, aka rufe su cikin ambulan. Majinyata 55 sun sami magani tare da hutun gado, 52 kuwa hutun kawai. Bayan wata shida, mutum 4 ne suka rasu a rukunin farko, 14 a na biyu. Hikimar ƙuri'ar ita ce, likita ɗan Adam ne, yana iya karkata ga mai ƙarfin jiki ba da saninsa ba.

A ɓangaren ciwon daji kuwa, ƙuri'a ba ta yiwuwa, tun da ba a cewa mutum ya sha taba don a ga abin da zai same shi. Saboda haka Hill da abokin aikinsa Richard Doll suka bi asibitocin Landan suna tambayar majinyata tarihinsu. A rahotonsu na 1950, cikin maza 649 masu ciwon dajin huhu, biyu kacal ne ba su shan taba, alhali cikin maza 649 masu wasu cututtuka an sami 27. Shi kansa Doll mashayin taba ne, kuma da farko kwalta da hayaƙin motoci ya fi zargi; alƙaluman ne suka sa ya daina. Daga 1951 suka shiga bin diddigin dubban likitocin Birtaniya, aikin da ya nuna a 2004 cewa masu shan taba tsawon rayuwa suna mutuwa kimanin shekara 10 kafin takwarorinsu.

Duk wannan aiki ya dogara ne ga rubutu. A Nijeriya an buɗe rajistar masu ciwon daji a Ibadan tun 1960, amma matar da ta ji ƙullutu a mama a wani ƙauyen Maiyama, ta tsaya ga maganin gida har ta rasu, ba ta shiga lissafin kowa ba. Ke nan ma'aikacin da ke cike littafin majinyata a asibitin Jega shi ne tushen alƙaluman da masana ke aiki da su, ko da yake ba a cika yaba masa ba.

Abin ya shafi malamin makaranta kai tsaye. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara allurar rigakafin ƙwayar HPV, mai haddasa ciwon dajin bakin mahaifa, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, wato ɗaliban firamare da ƙaramar sakandare. Iyaye sukan tambayi malami ko allurar tana da illa, kuma tsoronsu yana da tushe. Ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda ya jawo ƙararraki kan batun yardar iyaye har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Malamin da ya san yadda ake gwaji zai iya bayyana musu cewa ita wannan allura an kwatanta ta a kan dubban mata kafin a amince da ita a 2006, kuma abin da ake yi wa 'ya'yansu rigakafi ne, ba gwaji ba.