Yadda ake rubutu a gefen littafin da ba na takarda ba

A farkon shekarun 1990, wanda ya sayi manhajar kwamfuta yakan koma gida da kwali mai nauyi, domin ban da faya-fayen, akwai littafin jagora mai ɗaruruwan shafuka a ciki.

Yanzu wannan littafi ya koma fayil, galibi a tsarin PDF, ko kuma shafi a intanet.

Kamfanoni sun huta da kuɗin bugawa, sai dai mai karatu ya rasa inda zai ja layi ko ya rubuta abin da ya gano da kansa.

Rubutu a gefen littafi tsohuwar al'ada ce. Tsofaffin littattafan malamai a Kano da Sakkwato da Timbuktu cike suke da hashiya, inda ɗalibi ke rubuta ma'anar kalma mai wuya, wani lokacin da ajami. Buƙatar akawun da ke koyon manhajar biyan albashi ke nan shi ma.

Asalin lamarin

Tsohon tsarin taimako na Windows, wato WinHelp, yana bai wa mutum damar liƙa bayaninsa a kan kowane babi. Amma tsarin da kamfanin Microsoft ya fitar a 1997 domin maye gurbinsa, wanda aka fi sani da CHM, bai zo da wannan dama ba.

Shi kuwa tsarin PDF, kamfanin Adobe na Amurka ne ya fito da shi a 1993, a ƙarƙashin jagorancin John Warnock, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin.

A 1999 manhajar Acrobat 4 ta zo da hanyar shafa launi a kan rubutu, da ja masa layi, da soke shi. To amma sai wanda ya biya kuɗi ne ke samun wannan. Mai amfani da manhajar Reader ta kyauta, nasa karatu ne kawai.

Daga tsakiyar shekarun 2000, mai wallafa fayil na iya buɗe wa masu Reader ƙofar yin tsokaci idan ya ga dama. Sai a 2010, da fitowar Reader X, kowa ya samu damar shafa launi da liƙa ɗan bayani ba tare da jiran iznin mawallafi ba.

Kafin nan, a 2008, hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta amince da PDF a matsayin tsarin da kowa ke iya amfani da shi. A yau manhajoji irin su Foxit da Preview na kamfanin Apple, har ma da Edge da Firefox, duk suna yin wannan aiki.

Yadda yake aiki

Idan mutum ya zaɓi jimla ya shafa mata launin rawaya, ba ya taɓa ainihin rubutun littafin.

Abin ya yi kama da shimfiɗa farar leda a kan shafi sannan a yi rubutu a kanta. Manhajar takan adana lambar shafin, da gurbin da aka shafa, da launin, da sunan mai tsokacin, da kuma ranar da ya yi shi.

Shi ya sa ake iya goge tsokaci ba tare da an ɓata littafin ba. Haka kuma ana iya buɗe jerin dukkan tsokacin a gefe guda, a latsa ɗaya ya kai mutum shafin kai tsaye. A littafi mai shafi 800, wannan jeri ya zama fihirisar da mai karatu ya gina wa kansa.

Abin da kan hana

Abubuwa biyu ne suka fi kawo cikas.

Na farko, mawallafi na iya kulle fayil da kalmar sirri, ya yarda a karanta amma ya hana a yi tsokaci.

Na biyu, wasu littattafan hoton takarda ne kawai aka ɗauka. A wurin kwamfuta babu harafi ko ɗaya a cikinsu, don haka babu jimlar da za a zaɓa, sai an bi ta manhajar gane haruffa, wadda ake kira OCR.

Idan sabon bugu ya fito

Babbar matsalar ita ce manhaja ba ta zama wuri ɗaya. Duk lokacin da aka sabunta ta, ana sabunta littafinta, alhali tsokacin yana maƙale da tsohon kwafi.

Wanda ya sauke sabon fayil ya ɗora a kan tsohon da suna iri ɗaya, ya shafe aikin shekaru cikin daƙiƙa guda.

Wasu manhajojin na ba da damar fitar da tsokacin zuwa wani ƙaramin fayil na daban, mai suna FDF ko XFDF, a shigar da shi cikin sabon bugu. Sai dai tun da gurbi aka adana, idan an ƙara sakin layi ɗaya a sama, launin zai sauka a kan wata jimla dabam.

Ga littattafan da ke shafukan intanet, an bi wata hanya. Ƙa'idar da ƙungiyar W3C mai tsara harkokin intanet ta amince da ita a 2017 tana ba da damar ɗaure tsokaci da kalmomin kansu, tare da waɗanda ke gabansu da bayansu. Muddin ba a sauya jimlar ba, tsokacin zai bi ta duk inda ta koma.

Akwai kuma batun sirri. A fayil na PDF tsokaci yana tafiya tare da littafin, saboda haka ma'aikacin da ya rubuta kalmar sirrin ofis a gefen shafi, sannan ya tura wa wani, ya tura har da ita, da sunansa a kai.

Don haka hanya mafi aminci ita ce a ajiye kwafi biyu: ɗaya babu rubutu a kansa domin rabawa, ɗaya kuma na aiki, wanda sunansa ke ɗauke da lambar bugun manhajar.