Mi ke sa tsohon wurin ibada ya daɗe?

Kowane manomi ya san halin rumbu. In an bar shi babu yaɓe, babu sabuwar jinka, damina biyu ko ukku sun isa su kada shi. Gara ta ci itacen, ruwa ya ci ƙasar. Amma rumbun da ake zuba hatsi cikinshi kowace kaka, mai shi ba ya bari ya lalace.

Haka wuraren tarihi suke. Waɗansu sun ɓace, ko kufansu ba a gani. Waɗansu kuwa suna nan har yau. Ga labarin wurare biyu da sunka daɗe. Ɗaya nan Arewa yake. Ɗaya kuma can ƙasar Turai, bakin teku.

LUGU DA DUTSEN TUNGUMA

Lugu ƙauye ne cikin gundumar Dogondutsi, wajen Ɗankasari. Nan ne mazaunin Sarauniya. Tsofaffi sun ce Sarauniya ta farko daga Daura ta taso da mutanenta. Suna ɗauke da wani dutse, ana ce mashi Tunguma. Dutsen ne ya nuna masu inda za su zamna. Mutanen nan su ne ake kira Gubawa, masu ƙasa.

Daga baya, in ji tsofaffi, wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya zo. Ya auri ɗiyar Baura na Bagaji. Ta haifi Akazama, wanda sarautar Arewa ta fito daga gare shi. Ke nan tarihin Lugu da Bagaji tarihin Arewa ne duka, har Matankari da Tibiri.

Sarauniya ba ta yawo. Tana zamne ɗakinta, mutane ne ke zuwa wurinta. In ta rasu, ana ɗaukar gawarta, gawar ce ke nuna wadda za ta gaje ta. Wannan al'ada ita ake kira tarkama. Shi kuwa Tunguma, dutsen shari'a ne. In gardama ta gagara, kamar ta sata ko ta gona, masu bin al'adar suna kai maganar gare shi.

A watan Afrilu na shekarar 1899, sojan Faransa sunka iso Lugu. Shugabanninsu hafsoshi biyu ne, Bule da Shanwan. Sun riga sun ƙone garuruwa da yawa bisa hanya. Sarauniya Mangu da maharbanta sunka tare su da baka da kibiya. Sojan suna da bindigogi, sunka ci garin, sunka sa mashi wuta. Sarauniya da jama'arta sunka shige daji. Watanni ukku bayan haka, cikin watan Yuli, sojan Bule da Shanwan sunka juya masu, sunka kashe su kusa da Maijirgi, ƙasar Tasawa.

Wuta ta ci ɗakunan Lugu, don na ƙasa da kara ne. Amma mutane sunka komo, sunka sake gini, sarautar Sarauniya ta ci gaba. A shekarar 1980 Abdullahi Mamani ya rubuta littafi bisa Sarauniya. A 1986 Med Hondo ya mai da shi silima. A 2006 gwamnatin Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta karɓa cikin kayan gadon duniya.

ƊAKIN DUTSE NA BIRNIN PULA

Yanzu sai labari na biyu, na wata ƙasa mai nisa.

Rumawa mutane ne da sunka yi babbar daula a zamanin da. Alƙur'ani ya ambaci sunansu. Babban birninsu shi ne Rum, cikin ƙasar Italiya ta yau. Sun mallaki duk ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum, har da Masar da Libiya da Tunisiya da Aljeriya ta bakin teku. Babban sarkinsu na farko sunanshi Agustas. Cikin zamaninshi anka haifi Annabi Isa. Ya mutu a shekara ta 14 bayan haihuwar Annabi Isa. Watan Agusta ma sunanshi ya ci.

Akwai wani birni bakin teku mai suna Pula, cikin ƙasar da ake kira Kuroshiya yanzu. Tun Agustas na da rai, mutanen Pula sunka gina wani ɗakin bauta tsakiyar birnin. Sun yi shi don girmama sarkin da kuma wata gunkiya mai suna Roma. A lokacin nan Rumawa masu bautar gumaka ne.

Da sassaƙaƙƙen dutse anka yi ginin. Faɗinshi mita 8, tsawonshi mita 17, tsayinshi kuma mita 14. Wato kamar maza takwas, wani bisa kan wani. Gabanshi akwai rumfa mai ginshiƙai 6, huɗu a gaba, biyu a gefe. Yau shekarunshi sun wuce 2.000, kuma shina tsaye.

Yaya anka yi ya kai yau? Ga yadda abin ya tafi.

Da mutanen birnin sunka zama Kirista, sai sunka bar gumaka. Ba su rushe ɗakin ba, sunka mai da shi coci. Bayan wani zamani kuma anka mai da shi rumbun hatsi. Kowa ya san ba a barin rumbu ya yi yoyo. Saboda haka akwai mai gyara rufin, akwai mai kula da ƙofa.

Kusa da shi akwai wani ɗakin bauta, tagwayenshi. Shi wannan bai samu irin wagga kulawa ba. Bangon baya kaɗai ya rage. Shi ma ya tsira ne don an haɗa shi cikin ginin gidan hukumar gari a shekarar 1296.

Lokacin yaƙin duniya na biyu, jirgin sama ya jefa bam, ya faɗa bisa ɗakin Agustas. Ginin ya watse, kaɗan ya rage. Magina da masana sunka tattara duwatsun, sunka bincika wurin kowane, sunka mai da shi inda yake. A 1947 ɗakin ya sake tsayawa. Yau gidan ajiyar kayan tarihi ne, baƙi suna zuwa kallo daga ƙasashe da yawa.

Akwai wani abu da zai yi wa masu koyon karatu daɗi. Bisa goshin ginin, Rumawa sun kafa haruffan tagulla da ƙusoshi. Haruffan sun ɓace tun da daɗewa, sai ramukan ƙusa sunka rage. Da ramukan nan, da kuma irin rubutun da ke bisa waɗansu gine-ginen Rumawa, masana sunka gane abin da anka rubuta. Rubutu ko ya goge, shina barin sawu.

ABIN DA LABARIN YA KOYAR

Lugu ƙasa da kara ne, wuta ta ci shi. Ɗakin Pula dutse ne, bam ya watsa shi. Dukansu biyu sun tashi, don akwai mutanen da sunka damu da su.

Nan gida Nijar ma akwai shaida. Hasumiyar masallacin Agadas da laka anka yi ta, tsayinta mita 27. An gina masallacin wajen shekarar 1515, anka sabunta shi a 1844. Itatuwan da ke fitowa jikin hasumiyar, su ne matakalar magina lokacin yaɓe. Yaɓen nan shi ya riƙe ta har yau.

Yau mafi yawan mutanen Arewa Musulmi ne. Wani zai ce: mi ya haɗa Musulmi da wurin Azna? Kiyaye wurin tarihi daban, bauta daban. Mutanen Pula sun bar addinin Rumawa tun da daɗewa, amma ba su yar da ginin kakanninsu ba. Wanda ya san inda ya fito, ba a yi mashi gorin asali.

AIKIN DA KE GABAN JAMA'A

Kusan kowane gari na Arewa shina da abin tarihi: tsohuwar rijiya, ko kufai, ko kushewar wanda ya kafa gari, ko tsohon masallaci, ko kurmin da ba a sara. Ga abin da ya kamata a yi:

1. Kada a kwashe duwatsu ko ƙasar tsohon wuri don yin gini.

2. Kada a sare itatuwan wurin, kada a sa wutar daji kusa da shi.

3. In manomi ya tono tsohuwar tukunya ko wani abin da a gona, kada ya saida wa baƙo. Ya kai labari ga mai gari, shi kuma ya sanar da hukuma. Abin da ya fita ƙasa, da wuya ya komo.

4. A yi gayyar yaɓen tsohon masallaci kafin ruwa ya sauka.

5. Ɗaliban makarantar yaƙi da jahilci su tafi wurin tsofaffi da alƙalami da takarda. Su tambayi wanda ya kafa garin, da inda ya fito, da sunayen sarakunan da anka yi. Su rubuta da Hausa, su karanta wa jama'a a dandali, a gyara inda anka yi kuskure. Sannan a ajiye takardar wurin malamin makaranta.

Aiki na biyar ya fi gaggawa. Bango in ya faɗi ana tada shi, amma tsoho in ya tafi da labarinshi, babu mai komo da shi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya iya rubutu, yau ya kamata ya fara.