Labarin Taron Bakin Kogi a Ƙasar Nefal, da Ranar da Ake Ƙulla Bashi

  

Ku sani, ya ku malamai da fatake, akwai wata ƙasa can gabas mai nisa da ake kira Nefal. Tana tsakanin manyan ƙasashe biyu, Indiya daga kudu, ƙasar Sin daga arewa, ba ta kuwa da bakin teku ko kaɗan. Rabonta a duniya duwatsu ne, domin cikin duwatsu 10 mafiya tsawo a bayan ƙasa, 8 suna cikinta ko bisa iyakarta. Babban birninta Katmandu. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanenta sun ɗara miliyan 29. Cikin kowane mutum 100, kimanin 81 mabiya addinin Hindu ne, 8 mabiya Buda, 5 Musulmi. Sunan ƙasar baƙo ne a kunne, amma tsofaffin soja sun san mutanenta, domin daga cikinsu ake ɗaukar sojan Gurka, waɗanda bataliyoyin Nijeriya suka yi yaƙi tare da su a dajin Bama a 1944.

Kada wani ya ce me ya haɗa almajiri da labarin bautar wasu mutane. Babban malami Abu Raihana al-Biruni ya koyi harshen malaman Hindu, ya karanta littattafansu, ya wallafa littafi a kan addininsu da hisabinsu wajen shekarar 1030. A cikinsa ya ambaci Nefal, ya ambaci irin wannan rana da za a ba da labarinta. Ya faɗi abin da suka ce yadda suka faɗe shi, ya bar mai hankali ya auna.

Fasali a kan hisabinsu

Mutanen Nefal da rana suke lissafin watanninsu. Shekararsu, wadda suke kira Bikiram Sambat, tana gaban ta Miladiyya da kimanin shekara 57. A wurinsu wata yana kamawa ne ran da rana ta fita daga wani buruji ta shiga wani, kuma wannan shiga ita ce suke kira sankaranti. To, idan rana ta shiga burujin Jadyu, wanda suke ce wa Makar, sai watansu na 10 mai suna Mag ya kama. Ranar farkonsa ita ce Maghe Sankaranti, tana faɗowa 14 ko 15 ga Janairu, tsakiyar hunturu. Suna cewa daga ranar ne rana ke juyowa arewa, yini ya fara tsawo, sanyi ya fara karyewa.

A nan akwai abin lura ga masu hisabi. Juyowar rana ta haƙiƙa tana aukuwa ne 21 ko 22 ga Disamba, watau kwana 24 ko kusa da haka kafin idinsu. Dalili kuwa, su da taurari suke auna buruji, taurarin nan kuma suna gocewa daga ma'aunin yanayi da daraja 1 cikin kowace shekara 72. Kimanin shekara 1,700 da suka wuce ranakun biyu suna tare, sa'an nan suka yi ta rabuwa a hankali. Malaman Musulmi sun san wannan gocewa tun da daɗewa. Al-Battani, wanda ya rasu a 929, ya auna ta, ya sami daraja 1 cikin shekara 66, bai yi nisa da gaskiya ba.

A cikin babban littafinsu na tarihin yaƙi, Mahabarata, akwai labarin wani dattijon jarumi, Bishma, wanda aka sossoke da kibau, amma ya ƙi sakin ransa sai da rana ta juyo arewa. Saboda haka suna ganin wanda ya mutu a wannan lokaci ya yi sa'a, wanda ya yi wanka a magamar koguna a ranar kuma ya rabu da zunubansa. Wannan imaninsu ke nan. Musulmi dai ya san gafara ta Allah ce Shi kaɗai, ba ta rataya ga wani kogi ba.

Fasali a kan wuraren taro

Mafi shahara shi ne Debgat, kusa da garin Narayangad, inda duwatsu ke ƙarewa, fadama ta fara. A nan kogin Kali Gandaki ke haɗuwa da Tirishuli, su zama kogi ɗaya mai suna Narayani, wanda ke gangarawa Indiya ya faɗa cikin Ganga kusa da birnin Patna. Tun jajibiri jama'a ke kwararowa, daga duwatsu da fadama, har daga Indiya. Sukan kwana bisa yashi suna jin ɗumi, kafin alfijir kuma su tsunduma cikin ruwan da ya gangaro daga ƙanƙara, maza da mata, tsofaffi da yara, haƙora na kaɗawa. Idan rana ta ɓullo sai su kamfaci ruwa da tafi biyu su ɗaga mata, su tafi ɗakunan bauta, su ba malamansu da mabarata sadakar shinkafa da riɗi da kuɗi. Akwai gada mai lilo da aka rataye da igiyoyin ƙarfe bisa kogin, ranar taro 'yan sanda ke tsare bakinta saboda cunkoso. A Debgat kuma akwai tsofaffi da yawa waɗanda suka bar gidajensu suka tare can, suna jiran ajali, domin a ƙona gawarsu a bakin magamar, bisa al'adar addininsu.

Na biyu garin Ridi, can sama bisa Kali Gandaki, inda wani ƙaramin kogi mai sunan garin ke shigowa. Taronsa kwana 3 ne. Akwai tsohon ɗakin bauta a wurin, wanda ake danganta gininsa ga Mukunda Sen, sarkin Palpa a ƙarni na 16. A cikin wannan kogi ake tsintar wasu baƙaƙen duwatsu masu zane kamar katantanwa, suna kiransu saligaram, suna girmama su ƙwarai. Masana ƙasa sun tabbatar gawar wasu halittun teku ce da ta zama dutse tun zamani mai nisa, alhali wurin yau yana cikin ƙasar duwatsu mafiya tsawo. Tsarki ya tabbata ga Mai juya teku ta zama tudu.

A gabas akwai Baraha Cetra, inda kogin Koka ke shiga Koshi. A kwarin Katmandu akwai Sankamul bisa kogin Bagmati. Garin Panauti kuwa nasa babban taron sau ɗaya ne cikin shekara 12, amma wata guda cur ake yi. An yi shi a 2010, an yi a 2022.

Zamani ya taɓa kogunan nan. A 2002 aka buɗe madatsar lantarki bisa Kali Gandaki, sama da Ridi, aka karkatar da yawancin ruwan rani ta cikin ramin da aka haƙa a dutse. Sai da aka sa sharaɗi a riƙa ƙara sakin ruwa a ranakun ibada, don masu wanka su sami inda za su nutsa.

Fasali a kan abinci da ciniki

Abincin ranar duka na maganin sanyi ne: man shanu, da wata alewar rake mai kama da mazarƙwaila wadda suke kira caku, da kantun riɗi, da doya da dankali dafaffu, da dafa-dukar shinkafa da baƙin wake. 'Ya'ya mata da ke gidan aure sukan zo ganin gida. A wurin ƙabilar Newar, uwa takan shafa wa 'ya'yanta man hardal a ka, ta sa musu albarka. A garin Taruka kuma ana haɗa bijimai su yi karo, jama'a na kallo.

Duk inda jama'a ta taru, kasuwa ta ci. Lokacin kuwa ya dace da fatauci ta kowace fuska: an gama girbin shinkafa, hannun manomi da ɗan abu, koguna sun janye, hanyoyi sun bushe. A zamanin da kuma, zazzaɓin sauro na fadamar kudu ya yi tsanani har mutanen dutse ba sa yarda su sauka sai da hunturu. Saboda haka taron ya zama wurin sayayyar shekara: barguna na gashin tumaki, kwanduna da faifan gora, tukwanen tagulla, wuƙaƙe da lauje, lemo da rake.

Kwarin Kali Gandaki kansa tsohuwar hanyar ayari ce. Ana ɗauko gishiri daga tafkunan Tibet bisa tumaki da awaki da alfadarai, a sauko da shi a musanya da hatsi, 'yan ƙabilar Takali su ne dillalai a tsakani. Wannan ciniki ya karye bayan 1959, sa'ad da aka tsananta tsaron iyakar Tibet, gishirin Indiya mai araha kuma ya shigo ta hanyar mota. Akwai kuma Musulmin dutse da ake kira Curaute, waɗanda sana'arsu ta gado sayar da awarwaro da duwatsun wuya, gari gari da kasuwa kasuwa.

Fasali a kan bashi

A fadamar yamma akwai ƙabilar Taru. Su suna kiran ranar Maghi, ita ce sabuwar shekararsu. Sukan yi wanka a kogi da asuba, su gaida dattawa, su kai wa 'yan'uwansu mata kyautar shinkafa da wake da gishiri. A kwanakin ne suke zaɓen mai unguwa, wanda suke kira badgar, a raba gida idan za a raba, a ƙulla duk alkawarin shekara. Daga nan ne masifa ta shigo musu.

Taru sun daɗe su kaɗai a fadamar, domin jikinsu yana jure zazzaɓin da ke kashe baƙo. Da aka yi feshin maganin sauro a shekarun 1950 da 1960, sai mutanen dutse suka sauko da yawa, masu kuɗi da sanin takarda. Taru kuwa galibinsu ba sa karatu, gonakinsu da yawa ba a rubuce suke ba. Ta hanyar rance da rajista ƙasa ta fita hannunsu, mai gona ya koma ɗan ƙodago a gonar ubansa. Irin wannan bara shi ake kira kamaiya. Ranar Maghi yakan tsaya gaban mai ƙasa a ƙulla aikin shekara da baki, a ba shi hatsin da ba zai kai shi baɗi ba. Idan ciwo ko biki ya taso sai ya ranta, bashin ya hau. A baki yana da ikon sauya ubangida kowace Maghi, amma sai wani mai ƙasa ya biya bashin, ya koma kansa. Idan ya mutu ɗansa ya gada. Ta haka ake cinikin ɗa ba tare da an kira shi bawa ba, a ƙasar da ta shelanta hana bauta tun 1924.

Abin bai tsaya ga maza ba. A ranar ce dillalai ke shiga ƙauyuka, su ba uba 'yan kuɗi kaɗan ko alkawarin gonar aro, su tafi da 'yarsa ƙarama aikatau gidan masu hali a birni. Ita ake kira kamalari. Ana kiɗa ana rawa a dandali, uwa tana ɗaure wa yarinya ƙunshin tufafinta.

Da zaluncin ya kai maƙura sai kamaiya suka haɗa kai, suka kai ƙara, suka yi zaman dirshan har Katmandu. Ran 17 ga Yuli 2000 gwamnati ta shelanta 'yancinsu, ta soke bashin, a 2002 kuma aka kafa doka. Abin ya shafi gundumomi 5: Dang, Banke, Bardiya, Kailali da Kancanpur. Amma an yi shela kafin a tanadi wurin zama. Masu ƙasa suka kore su daga bukkokinsu cikin damina, da yawa suka shekara da shekaru a sansani bakin daji kafin a yanka musu ɗan fili. 'Yan matan kuwa sai a 2013 aka shelanta nasu 'yancin, bayan su da kansu sun fito zanga-zanga. Kafin nan, a 2008, ɗaya daga cikinsu, Shanta Caudari, wadda aka kai aikatau tana shekara 8, ta zama wakiliya a majalisar tsara dokokin ƙasar.

To, ya kai mai karatu, dubi rana ɗaya da kogi ɗaya: da asuba mai ƙasa da baransa suna wanka a ruwa guda suna neman tsarki, da hantsi kuma ɗaya ya ɗaure ɗaya da bashin da ba ya biyuwa. Wannan cuta ba ta san addini ko ƙabila ba, duk inda mai hali ya sami jahili mabuƙaci tana iya tsirowa. Shi ya sa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, ta yi umurni a rubuta shi, a sa masa ajali, a kafa shaidu. Hadisi kuma ya tabbata cikin Buhari cewa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, da wanda ya sa ɗan ƙodago aiki ya hana shi ladansa, Allah da kansa ne abokin husumarsu ranar alƙiyama.

Saboda haka attajirin da ke ba manomi rance da bazara don ya karɓi hatsi da kaka, ya duba mudunsa da farashinsa. Wanda aka kawo wa 'yar wani aikatau ya tambayi kansa, wa ke karɓar kuɗinta, yaushe take zuwa makaranta, yaushe za ta ga uwarta. Malami kuma ya koya wa almajiransa rubutu da lissafi tare da karatu, domin Taru da rashin sanin takarda suka rasa ƙasarsu.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin mai rauni, Ya sa mu cika da imani. Allah Shi ne mafi sani. Tammat, wassalamu.