Samarin Oklahoma da Tsammanin da Aka Ɗora Musu a 2024

A ƙasar Amurka akwai wasan da a ke kira ƙwallon kwando. Mutum biyar ne a kowane gefe, suna ƙoƙarin jefa ƙwallo da hannu cikin wani zobe mai raga wanda aka kafa ƙafa 10 daga ƙasa. Babbar gasar wannan wasa sunanta NBA, tana da ƙungiyoyi 30, rabi na Gabas, rabi na Yamma. Kowace ƙungiya ta kan yi wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu. Sa'an nan a shiga wasannin fid da gwani, inda ƙungiya biyu ke karawa har ɗaya ta riga cin huɗu cikin bakwai.

Kafin a buɗe wasannin kowace shekara, masana su kan zauna su kimanta abin da kowace ƙungiya za ta yi, kamar yadda dillali ke kimanta gyaɗa tun tana gona. Kimanta ƙungiyar samari ya fi wuya, gama ba a san iyakar ƙarfinsu ba tukuna. A watan Oktoba na 2024 babu samarin da aka zuba wa ido kamar na ƙungiyar Thunder, watau Tsawa, ta birnin Oklahoma.

Tsammanin nan yana da tushe. A 2019 shugaban harkokin ƙungiyar, Sam Presti, ya ba ƙungiyar Clippers ta Los Angeles gwaninsa Paul George. A madadinsa ya karɓi 'yan wasa biyu, ɗayansu wani saurayi ɗan Kanada mai suna Shai Gilgeous-Alexander, wanda shekara ɗaya tak ya yi a NBA. Ya kuma karɓi damar zaɓe guda biyar a zagayen farko. Ga ma'anar wannan dama. Kowace shekara a kan jera sababbin samari, ƙungiyoyi su riƙa zaɓa bi da bi, kuma waɗanda suka fi shan kaye su suka fi samun zarafin zaɓa da wuri. Damar nan kadara ce, ana musayarta kamar haja. Watau Presti ya ba da kayan da ke hannu, ya karɓi bashin da za a biya shi sannu a hankali.

Aka sha wuya kafin biya. A kakar 2020 zuwa 2021 wasa 22 kaɗai suka ci cikin 72, a ta bayanta 24 cikin 82. A 2022 suka sami zaɓe na biyu, suka ɗauki Chet Holmgren, dogo mai fiye da ƙafa bakwai. Da ɗaya daga damar da Clippers ta ba su kuwa suka ɗauki Jalen Williams a zaɓe na 12. Holmgren ya ji rauni a ƙafa a watan Agusta na shekarar nan, bai taka fili ba har kakar ta ƙare. Duk da haka suka ci wasa 40. A kakar 2023 zuwa 2024 suka ci 57, suka zama na ɗaya a Yamma, kuma ba a taɓa samun ƙungiya mai ƙarancin shekaru kamar tasu a wannan matsayi ba.

Amma a watan Mayu na 2024 ƙungiyar Dallas ta fid da su da ci huɗu da biyu. Wasan ƙarshe da maki ɗaya aka raba, 117 da 116. Karon nan ya tona aibunsu guda biyu. Na farko, suna cikin na baya wajen cafe ƙwallon da ya kuskure kwando ya dawo, domin ba su da ƙarfafan dogaye isassu. Na biyu, ƙuruciya: galibinsu ba su taɓa shiga irin wannan matsi ba.

Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, Presti ya yi gyara tun lokacin hutu. Ya ba Chicago saurayi Josh Giddey, ya karɓi Alex Caruso, ɗan shekara 30, gwanin tsaro wanda ya riga ya ɗauki kofin NBA da ƙungiyar Lakers a 2020. Ya kuma ɗauko Isaiah Hartenstein daga New York, ƙato mai ƙafa bakwai, a kan dala miliyan 87 na shekara uku. Saboda haka da Oktoba ta zo, yawancin masu kimantawa suka ce Oklahoma ce za ta fito daga Yamma, ko da ya ke Boston, wadda ta ɗauki kofi a 2024, ita suka fi sa wa gaba.

Mai karatu ya iya cewa, ina abin gaggawa ga yaran da ke da shekaru masu yawa a gabansu? Amsar tana cikin dokar albashi. NBA ta ƙayyade abin da ƙungiya za ta kashe, wadda ta zarce ƙwarai sai ta biya tara mai nauyi. Saurayin da aka ɗauka a zagayen farko albashinsa ƙayyadadde ne har shekara huɗu. Bayan nan, in ya zama gwani, sai a biya shi kuɗin gwanaye. Ƙungiyar da ta tara samari gwanaye uku tana da 'yan shekaru kaɗan na araha, kafin kuɗin riƙe su ya yi mata nauyi.

Mutanen Oklahoma sun taɓa ɗanɗana wannan. A 2012 suna da Kevin Durant da Russell Westbrook da James Harden, babu wanda ya wuce shekara 23. Suka kai wasan ƙarshe, Miami ta cinye su huɗu da ɗaya. Kowa ya ce baɗi su ne. A watan Oktoba na shekarar nan aka kasa daidaitawa da Harden a kan albashi, aka miƙa shi ga Houston. Daga baya kowane ɗaya cikin ukun ya sami lambar gwanin gwanaye na shekara, amma Oklahoma ba ta sake kai wasan ƙarshe da su ba. Durant ya tafi a 2016. Wannan tabo shi ya sa tsammanin 2024 ya zo da fargaba.

Fargabar ta so ta tabbata tun da wuri. Hartenstein ya karye a hannu a wasan gwaji tun kafin a buɗe kaka. A watan Nuwamba Holmgren ya faɗi ya karye a ƙugu, ya yi kusan wata uku yana jinya. A nan ne amfanin tara jari ya bayyana, gama da mutum ya kwanta sai wani ya tsaya a gurbinsa, mai horar da su Mark Daigneault kuwa ya kafa wasansu bisa tsaro da ƙwace ƙwallo. Suka ci wasa 68 cikin 82. Gilgeous-Alexander ya riƙa jefa maki 32.7 a kowane wasa bisa matsakaicin lissafi, aka ba shi lambar gwanin gwanaye.

A wasan ƙarshe suka haɗu da Indiana, wadda kusan babu wanda ya sa ta cikin lissafi a Oktoba. Ta ja su har wasa na bakwai. Ran 22 ga Yuni 2025, tun a farkon wasan, jijiyar agarar gwanin Indiana Tyrese Haliburton ta tsinke, aka fita da shi. Oklahoma ta ci 103 da 91, ta ɗauki kofinta na farko tun da ƙungiyar ta ƙaura daga Seattle a 2008. Lissafi ya kai su ƙofa, amma akwai rabon da babu mai kimantawar da ya hango shi.

Wata ɗaya bai cika ba lokacin biyan bashi ya zo. A watan Yuli na 2025 aka sabunta wa Gilgeous-Alexander yarjejeniya ta shekara huɗu a kan dala miliyan 285, aka kuma ƙara wa Holmgren da Williams shekara biyar biyar. A 2012 an saki na uku saboda tsada. A 2025 masu ƙungiyar suka biya, suka riƙe ukun duka.