MALAMAR DA TA SHIGO AJI DA SOƁO DA KANWA

'Yan uwana 'yan mata, na san da yawanku da an ambaci kemistiri sai gabanku ya faɗi. Ni ma haka nake lokacin da na bar Gozaki na shiga sakandare, domin kuwa a tunanina wannan darasi na maza ne da 'ya'yan 'yan boko, ba na ɗiyar manomin auduga da masara daga ƙasar Kafur ba.

Ranar da Malama ta fara shigowa ajinmu ba ta ko taɓa alli ba. Jug ɗin soɓo ta ajiye kan tebur, da ƙullin kanwa, da lemon tsami guda biyu. Muka hau zungurin juna muna dariya, wai ko ta ɗauka walima aka gayyace ta. Ta zuba soɓon a kofi biyu, ta matsa lemo a ɗaya, sai ya ƙara yin jajir. Ta zuba ruwan kanwa a ɗayan, nan take ya rikiɗe ya yi duhu, kore-kore. Ajin ya yi tsit. Sannan ne ta gaya mana lemon tsami asid ne, kanwa kuwa alkali ce (ba na kotu ba fa), soɓo kuma yana iya shaida kowanne kamar yadda takardar litmas ke yi a ɗakin gwaji. Mu dai namu ɗakin gwajin kwalabe ne fanko da ƙura.

Aƙidarta ita ce, duk yarinyar da ta taɓa jefa kanwa a tukunyar wake don ya yi saurin nuna, ta riga ta fara kemistiri, sunayen abubuwan ne kawai ba ta sani ba. Shi ya sa ba ta yarda da hadda ba. Kina iya rero mata ma'ana tiryan-tiryan daga littafi, sai ta tambaye ki a ina kika taɓa ganin abin a gidanku. In kin rasa amsa, to ba ki iya ba ke nan. A lokacin haushinta nake ji ƙwarai, don ni gwanar hadda ce.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kunun kanwa. Ta bayyana mana cewa kanwa cike take da sodiyam, wanda ke cikin gishiri, shi kuwa yana sa jiki ya riƙe ruwa, zuciya ta yi ta aikin da ya fi ƙarfinta. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun yi bincike kan matan da ke zuwa da kumburin ƙafa da haki bayan haihuwa, suka danganta ciwon da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, har da ƙarancin abinci mai gina jiki, amma dai yawan sodiyam bai taɓa zama alheri ga mai hawan jini ba. Ranar nan jikina ya yi sanyi, domin yayata tana cikin jego a gida, kuma na san irin kanwar da Inna ke dumbuzawa.

Da na koma hutu na faɗa, Inna ta ce yaushe aka haife ni da zan koya mata jego. Sai da na bi ta hannun Baba, shi ma da dabara. Na fara gaya masa abin da Malama ta ce kan takin yuriya: kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, wato buhu mai kilo 50 na ɗauke da kilo 23, kuma in an watsa shi a saman ƙasa ba a binne ba, wani kaso yakan zama amoniya ya bi iska. Wannan warin mai kama da fitsari da ake ji a gona, kuɗinsa ne na kasuwar Funtuwa ke tashi. Baba ya yi shiru yana kallona, can ya ce, "To 'yar boko, sake faɗa mini zancen kanwar nan."

Washegari da kansa ya tsaya a ƙofar madafi yana duba abin da za a zuba a kunun. Inna kuwa ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau.