Me Mawaƙi Ke Ji a Cikin Kunnensa?

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'ar Tarka, Belbeji, Tanut da ɗaukacin Damargu, sannunku da aiki. Yau za mu amsa tambayar da samari ke yawan yi in suna kallon wasan manyan mawaƙa a waya: ɗan abin nan da ke toshe a kunnen mawaƙi, mene ne amfaninsa? Wasu sun ce ado ne, wasu sun ce wani ne ke karanto masa baitoci. Gaskiyar magana, muryar kansa yake saurare.

A filin wasa, manyan lasifikoki jama'a suke fuskanta, mawaƙi kuwa yana bayansu. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. In akwai katanga a nisan mita 50, muryar za ta je ta dawo bayan kusan sulusin daƙiƙa. Mawaƙin da ya bi wannan amon zai makara, kiɗa ya bar shi a baya, muryarsa ta kauce.

A zamanin su Mamman Shata, masu kalangu da 'yan amshi na daf da mawaƙi, kowa na jin kowa. Da lantarki ya shigo, fili ya faɗaɗa, sai aka riƙa ajiye ƙananan lasifikoki a ƙasa suna kallon mawaƙi. Amma da makirufo ya matso kusa sai ya yi wannan ƙara mai tsinka kunne, kuma kowa na kiran a ƙara masa sauti.

(Kiɗa kaɗan)

A 1995 wani injiniyan sauti a Amurka, Jerry Harvey, ya ƙera wa mai gangar ƙungiyar mawaƙa ta Van Halen na'urar da ta dace da kunnensa, daga nan ta bazu. Yanzu ana ɗaukar siffar ramin kunnen mutum a yi masa tasa. Wata 'yar akwati ce ke maƙale a ƙugunsa, tana karɓar sauti ta iska daga teburin injiniya. Mawaƙi zai ce, "Ƙara mini muryata, rage jita." Mai ganga kuma a saka masa ƙyas-ƙyas da ke riƙe masa taki, jama'a ba sa ji.

Babban amfanin na'urar shi ne kare ji. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin sautin wuraren kiɗa ya wuce desibel 100, ƙarar da masana suka ce ba ta da aminci fiye da minti 15 a rana. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. Na'urar na toshe hayaniyar waje, sai mawaƙi ya ji kansa ba tare da ƙure sauti ba.

Ba kowane mai kiɗan biki a Tarka ke da kuɗin sayenta ba. Amma kowa zai iya rage ƙarar lasifika, ya nisanta yara daga gabanta. In ka dawo daga biki kunnenka na ƙugi, gargaɗi ne, kada ka raina shi. Rigakafi ya fi magani.